Babban Yatsan Uwaisu

Ciwon ya kama Uwaisu a gindin babban yatsansa na dama, daidai inda yatsan ya haɗu da wuyan hannu. Da fari sai ya yini yana aski kafin ya ji shi, kamar an ɗan soka masa ƙaya. Da shekaru suka ja, wurin ya kumbura ya yi ƙulli mai tauri, yatsan ya lanƙwaso yana neman shiga tafin hannu. In ya juya shi sai ya ji ƙashi yana gugar ƙashi. Hannun bai mutu ba. Yana riƙe fartanya, yana ɗaga dami. Ƙaramin abu ne ya gagare shi, wato ya matse abu tsakanin babban yatsa da manuni. Shi kuwa wanzami ne, duk sana'arsa a tsakanin yatsun nan biyu take.

Ya yi wa kansa duk abin da yake yi wa mutane. Ya kafa ƙaho ya ja jini. Ya tsattsaga wurin ya cusa magani. Ya shafa man kaɗe ya gasa a bakin murhu. Daga baya ya je wurin maƙeri aka yi masa sakiya da jan ƙarfe, ƙunar ta warke ta bar tabo, ciwon yana nan a ƙarƙashin tabon.

Mutanen ƙauyen ba su ce masa komai ba. Sai dai ranar kasuwa ya riƙa ganin kawunan da ya saba askewa suna dawowa daga Bici tas, aikin wani matashin wanzami da ake kira Tasi'u. Gidaje suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin gaisuwar da yake ɓoye kunyarsa a ciki. A ƙarshe gida ɗaya ya rage masa, gidan Shago.

Shago Bamaguje ne, mai babban gida a hayin rafi. Kakan Uwaisu ne ya yi wa kakan Shago aski, haka abin ya gangaro. A al'adar wurin kowane gida da wanzaminsa, kuma duk askar da ta taɓa fuskar jaririn gida, gidan ya zama na mai ita ke nan, da askin manya, da kaciyar yara, da damin da ake kai masa kowace kaka. Ban da wannan, su biyun sa'o'in juna ne. Tare suka yi kiwon awaki, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Uwaisu yana ce masa tulun giya, shi kuma yana ce masa mahaucin kawuna. Ko ranar da ɗan Uwaisu namiji tilo ya rasu, abin da Shago ya zo ya ce shi ne, yaron ya gudu ne don kada ya gaji wannan mugun hannu. Ya faɗa hawaye na zuba a gemunsa, Uwaisu kuma ya karɓa a matsayin ta'aziyya, don ita ce.

Kakar da ta wuce mahara suka sauko daga arewa, suka tarar da Dokas, babban ɗan Shago, a gonar nesa, suka tafi da shi. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Duk ayarin fataken da zai wuce sai Shago ya tare su ya kwatanta musu zanen gidansu: tsaga biyu gajeru a kowane kunci, daga gefen baki, ta sama ta ɗan fi ta ƙasa tsawo. Ya ce in sun ga mai irin wannan fuska a kowace kasuwa, nasa ne, zai fanshe shi. Dokas ya bar matarsa Tanoma da ƙaramin ciki. Ana tsakiyar marka ta haifi ɗa namiji, aka aiko wa Uwaisu ya shirya askarsa.

Da hantsi ya tsinko ɗanyen duma a jikin danga, ya zauna bayan rumbu ya fito da aska daga zabira. Fatar ɗanyen duma tana da laushi, a kanta ubansa ya koya masa tsaga. Ya ja ta farko ta tafi daidai. Ta biyu ma haka. A ta uku zafin ya soke shi, yatsan ya saki, askar ta zarce ta yanka duman har ciki.

Luba matarsa tana tsaye da ƙwaryar tsaba, bai san ta zo ba.

"Malam, ka je ka gaya masa."

"In gaya masa me?"

"Abin da ka gani a jikin duman nan. Ni ma na gani."

"Sanyin safiya ne. In rana ta yi yakan saki."

"Ni nake ɗaura maka mazagin wando tun bara," in ji ta. "Da rana ma ni nake ɗaurawa."

Ya goge askar a cinyarsa. Can ya ce, "Yaron nan na Bici bai san zanen gidan ba."

"Sai ka nuna masa. Yatsa ne ya lalace, ba ido ba."

"In ya taɓa jaririn, gidan ya zama nasa."

"Na sani."

"Kin san kuma babu wani gida bayansa."

"Na sani, Malam. Muna da gona. Ba mu fi waɗanda suke ci daga gona kaɗai ba." Ta ajiye ƙwaryar ta ɗauki duman ta juya shi a hannunta. "Wannan dai duma ne, akwai wani a danga."

Da azahar ya ɗauki sandarsa ya naɗe wando ya haye rafin. Ya tafi da niyyar faɗa. Duk tsawon hanyar, tsakanin geron da ya fi mutum tsayi, yana jera maganar a ransa yadda za ta fito sarai.

Ya tarar da Shago a gindin ɗorawa yana tufka igiyar rama a cinyarsa. Tun daga nesa Shago ya ɗaga murya.

"Ku ɓoye kawunanku, ga mahauci nan! Ko ƙanshin giya ne ya jawo ka? Zauna, ba zan gaya wa limaminku ba."

"Allah ya tsare ni da ruwan wankin tukunyarku. An ce an yi maka jika. Na ce Allah ya sa bai ɗauko hancinka ba, kada iska ta rasa ta inda za ta wuce a gidan."

"Ya ɗauko. Har ya fi nawa faɗi. Ka zo ka gani ka mutu da baƙin ciki."

Rabon da a ji Shago yana dariya irin wannan tun kafin a tafi da Dokas. Uwaisu ya zauna a kan saiwar itacen, ya miƙa masa hannun, ya juya shi yadda ƙullin zai fito sosai.

"Tulun giya, dubi nan. Hannun ya tsufa, ya fara ƙin magana. Ɗazu na aika shi gabas ya tafi yamma. In kana son jikan naka da kunnuwa biyu, gara ka aika Bici a kira yaron nan Tasi'u."

Ya ji yadda maganar ta fito daga bakinsa. Duk abin da ya shirya yana cikinta, babu ƙarya ko ɗaya. Amma da muryar da ya saba ta fito, har da ɗan murmushin da yake rakiyarta.

Shago ya kalli hannun. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya koma kan igiyarsa.

"Yaushe hannunka ya taɓa jin magana? Tun muna yara a karkace kake yi mini aski, mata suna tambayata ko kura ce ta lashe ni. Yanzu ne za ka ce mini ya lalace? Ka faɗi gaskiya, cinyar akuya kake so a ƙara maka."

"Cinya biyu ma ba za ta miƙar da shi ba."

"To ka zo da shi a lanƙwashe." Ya tofa yawu a tafinsa ya ci gaba da murza ramar. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, bai kuwa ɗago kai ba. "Kai ka zana Dokas, a nan gindin itacen nan. Hannun da ya zana uban shi zai zana ɗan. In ya dawo, ina so ya shigo gida ya dubi fuskar yaron ya ga tasa, ba sai kowa ya ce masa ga ɗanka ba."

Uwaisu ya buɗe baki zai maimaita, wannan karon ba wasa. Sai ya tarar bai san ta inda ake fara irin wannan magana da Shago ba. Zai kira sunansa ne? Bai tuna ranar da ya taɓa kiransa da sunansa ba. Ya zauna yana murza ƙullin da ɗaya hannun, har Shago ya ce masa ya tashi ya ba shi wuri kafin ƙwarƙwatar zabirarsa ta hau masa jiki.

A hanyar komawa ya yi ta shari'a da kansa. Ya faɗa. Ya nuna hannun. Har sunan Tasi'u ya ambata. Mai gida ya ji da kunnensa ya ce shi yake so, to me ya rage a wuyansa? Amma in da gaske nauyin ya sauka, me ya sa ƙirjinsa bai yi sauƙi ba? Kuma akwai wani abu da ya fi wannan damunsa: lokacin da Shago ya ce ya zo da hannun a lanƙwashe, daɗi ya ji. Ya san ya ji daɗi.

"Ka gaya masa?" in ji Luba.

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce ni zan yi."

Ta dube shi, ya kau da kai.

Ranar suna gari ya waye da yayyafi da sanyi, irin safiyar da yatsan ya fi tsana. Ya jiƙa hannun a ruwan zafi, Luba ta naɗe masa gindin yatsan da siririyar fata ta ɗaure tam. Ya wasa askar har tana ɗauke gashin hannu ba tare da an ji ba.

Ƙofar gidan Shago ta cika. 'Yan'uwa sun zo daga gidajen da ke warwatse cikin gonaki, an yanka akuya, tulunan giya suna jere a jikin danga. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ungozoma, wata tsohuwa mai ƙarfin hannu, ta fito da jaririn ta zauna ta ɗora shi a cinyarta. Tanoma tana daga ciki, bayan zana, inda za ta ji amma ba za ta gani ba.

Askin kai bai ba shi wuya ba, don ya damƙe askar da dukan hannu ya bi a hankali. Da ungozoma ta buɗe bakin yaron don a cire masa beli, sai Uwaisu ya leƙa ya ce a bari tukuna, bai nuna ba, sai yaron ya yi ƙwari. Tsohuwar ta ɗan dube shi, don ba ta taɓa jin ya ce haka ba. Shi ya san dalilinsa. Ba zai sa ƙarfe cikin maƙogwaron jariri da wannan hannu ba. Kunci kuwa a fili yake, kuma tsaga huɗu ce kawai.

Ita tsaga ba a yin ta da dukan hannu. Sai an riƙe askar can kusa da baki, tsakanin babban yatsa da manuni, yatsan ne yake auna zurfi, shi yake tsayar da ita inda za ta tsaya. Ya yi bisimilla a ransa. Ungozoma ta juya kan yaron ta danne.

Ta farko a kuncin dama ta fita yadda ake so. Yaron ya tsala ihu, maza suka yi dariya suka ce muryar ubansa ce. Ta biyu ta zauna ƙarƙashinta daidai, 'yar gajeruwa. Zufa ta karyo wa Uwaisu duk da sanyin. Zafin ya riga ya tashi daga gindin yatsan ya hau har gwiwar hannu, fatar da aka ɗaura ta jiƙe ta saki.

"Ka gani?" in ji Shago daga bayansa. "Na ce muku tsohon ɓarawon nan cinya yake nema."

Aka juya kan yaron. Uwaisu ya ɗora bakin askar a gefen baki na hagu ya fara ja. A daidai inda ya kamata ya tsaya, ya danna yatsan, yatsan ya ƙi. Ji ya yi kamar an buga masa ƙusa a gaɓar, hannun ya zabura da kansa. Askar ta haura kuncin a karkace, ta wuce ƙarƙashin ido da kaɗan, ta tsaya kusa da kunne.

Ungozoma ta yi salati irin nasu, ta kira sunan kakanninta. Jini ya rufe rabin fuskar. Daga bayan zana Tanoma tana tambaya me ya faru, me ya faru, babu mai amsa mata. Uwaisu ya yar da askar ya danne wurin da auduga da hannun hagu, ya sa aka kawo toka mai tsabta da garin bagaruwa. Ya daɗe a durƙushe kafin jinin ya tsaya. Ya buɗa fatar idon ya duba. Idon lafiya lau.

Saura tsaga ɗaya, ta ƙasa. Askar tana kan tabarma, kowa yana kallonta. Bai ɗauka ba, babu kuma wanda ya ce ya ɗauka. Ungozoma ta naɗe yaron ta shige da shi. Jim kaɗan suka ji kukan Tanoma, ba mai ƙarfi ba.

Yana haɗa zabirarsa Shago ya zo da kansa, ɗauke da kan akuya da cinya a cikin ƙwarya, rabon wanzami cif yadda aka saba. Ya ajiye a gabansa.

"Malam Uwaisu, an gode. Allah ya huta gajiya."

Da Shago ya zage shi, ko ya ɗaga masa sanda, da Uwaisu ya san yadda zai yi. Ya ɗauki ƙwaryar da hannun hagu ya kama hanya. Luba ta ga fuskarsa tun daga ƙofa, ta karɓi naman ta kai wa maƙwabta.

Ranar kasuwa ta gaba ya tafi Bici ya nemi Tasi'u. Ya zana masa zanen gidan Shago a ƙasa da tsinke, ya nuna masa tsawon ta sama da na ta ƙasa, ya sa shi ya maimaita har ya iya. Ya gaya masa akwai jariri a gidan da ba a cire wa beli ba. Tasi'u ya yi ta sunkuyar da kai yana cewa, "Baba, ai da ka aiko na zo." Uwaisu ya bar masa askarsa ta tsaga, ya dawo da sauran.

Bai sake haye rafin ba sai da aka fara girbin gero. Ya tarar da Shago shi kaɗai a gona yana yanke zangarniya daga karan da aka kwantar. Kansa a aske yake, aski mai kyau. Suka gaisa kamar baƙi, ina gajiya, ina aiki, yaya iyali. Uwaisu ya tsuguna a bakin kunya.

"Shago," ya ce. Sunan ya yi masa nauyi a baki. "Abu ɗaya nake so in sani. Ran nan a gindin ɗorawa, na gaya maka ko ban gaya maka ba? Na juya shi ta kowane gefe na kasa yanke wa kaina hukunci."

Shago ya ajiye magirbin.

"Ka gaya mini."

"Da wasa na faɗa."

"Da wasa ka faɗa, ni kuma ba da wasa na ji ba. Na ga hannun. Ina da ido." Ya zauna a kan karan. "Na san duk sun bar ka, saura ni. Na ce a raina, tsaga huɗu ce, zai iya. In na aika Bici na kashe shi da ransa. Kuma ina son hannun da ya taɓa Dokas, wannan ma gaskiya ne. Ban san wanne ya fi yawa ba. Na ce in ka sake faɗa sau ɗaya, ba dariya, zan aika. Na jira. Ba ka sake ba."

"Ni ma jira nake ka tambaye ni ba dariya."

Tsuntsaye suna sauka kan zangarniyar da aka tara, babu wanda ya kore su.

"In ya dawo," in ji Shago, "ban san abin da zan ce masa ba."

Ta kan hanyar gida Tanoma ta ɓullo da ƙwaryar fura a ka, yaron a bayanta. Da ta ga wanda yake zaune sai ta rage tafiya, amma ta ƙaraso. Ta durƙusa nesa kaɗan da surukinta ta ajiye ƙwaryar, ta gaishe su ido a ƙasa. Ta kwantar da kan yaron ta yadda kuncin hagu ne a jikin bayanta.

"Ko zan gan shi?" in ji Uwaisu.

Ta ɗan tsaya. Sannan ta kwance zanen ta juyo da shi gabanta. Ya yi ɓulɓul, hancin kakansa ne sak. A dama tsaga biyu sun kwanta baƙaƙe, tsaf. A hagu doguwa ɗaya ce, ta warke ta yi tudu, ta ɗan janye gefen leɓen sama. Yaron ya ƙura wa farin gemun Uwaisu ido, ya yi masa murmushi, bakin ya tafi gefe ɗaya.

Tanoma ba ta dubi Shago ba, don ba ta magana da shi kai tsaye. Wanzamin ta yi wa magana, a hankali, kamar mai tambayar magani.

"Baba, in aka ɗauke shi wata rana kamar yadda aka ɗauke ubansa, me za mu ce wa fatake su nema?"

Uwaisu ya dubi Shago. Shago yana kallon ƙasa. Ta jira har ta tabbata babu mai amsawa, sannan ta mayar da yaron baya, ta gyara masa kwanciya, ta ɗaure zanen, ta kama hanyar gida.